Tan 10 a takarda, tan 2 a gona: yadda ake tsara gwajin iri da taki, da abin da alƙalumansa ke nufi

A watan Janairun 2024 kwamitin ƙasa mai rajista da sakin sababbin irin shuka ya amince da nau'o'in masara huɗu da aka fi sani da TELA, wato SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya ta fitar tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF. An ce masarar za ta iya ba da har tan 10 a hekta ɗaya idan ta samu kulawar da ta dace, buhu 100 ke nan. Matsakaicin abin da manomin masara ke samu a Najeriya kuwa yana kai-komo ne a wajen tan 2. Da yake masara ce da aka sauya wa ƙwayar halitta, nan da nan muhawara ta karkata ga wannan batu, har Majalisar Wakilai ta nemi a yi bincike a watan Mayun shekarar. Amma akwai tambayar da ta fi kusa da rumbun manomi wadda ba a cika tsayawa a kanta ba: daga ina wannan tan 10 ɗin ya fito, kuma me ya sa wanda ya sayi sabon iri yakan girbe ƙasa da abin da aka faɗa masa?

Tambayar ba ta TELA kaɗai ba ce. Duk wani iri, taki ko maganin feshi da ya shigo kasuwa yana tafe da lambarsa, kuma kowace lamba daga wani gwajin gona ta fito. Nauyin lambar ya dogara kacokan a kan yadda aka tsara gwajin tun kafin a sa fartanya a ƙasa.

Gonar nuni daban, gonar gwaji daban

Yawancin abin da mutane ke gani a bakin titi da allo a kafe gonar nuni ce. Tun zamanin shirye-shiryen raya noma na Funtuwa, Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, zuwa shirin raya noma na ƙungiyar Sasakawa da ya fara aiki a Najeriya a 1992, malaman gona sun dogara da ita don koyar da tazarar shuka, lokacin sa taki da makamantansu, bisa hikimar gani ya kori ji. Wanda ya kafa gonar nuni ya riga ya san amsar da yake son a gani, saboda haka yakan zaɓi fili mai kyau, ya shuka a kan kari, ya zuba taki isasshe. Wannan ba ha'inci ba ne muddin an kira abin da sunansa.

Gonar gwaji kuwa tambaya take yi, kuma dole mai ita ya yarda cewa amsar tana iya saɓa wa abin da yake fata. Akan raba gonar zuwa ƙananan filaye, kowanne ya ɗauki abu guda da ake gwadawa: wani iri, wani adadin taki, wata tazara. Cikinsu dole a samu filin ma'auni, wanda ke ɗauke da abin da aka saba yi, domin da shi za a kwatanta saura. Rikicin yana farawa ne lokacin da aka ɗauki sakamakon gonar nuni aka sanar da shi kamar na gwaji.

Inda ƙa'idojin suka samo asali

A 1843 John Lawes da Henry Gilbert suka fara shuka alkama a gonar Broadbalk da ke Rothamsted a Ingila, kowane zirin fili da irin takin da ake ba shi duk shekara. Har yau gwajin yana gudana. Sai dai kowane taki zirinsa ɗaya ne tak, saboda haka da wuya a rarrabe abin da taki ya yi da abin da ƙasar wurin ta yi. Bayan an tara bayanan shekaru fiye da 70, aka ɗauki masanin lissafi Ronald Fisher aiki a 1919 don ya ga abin da za a iya tatsa daga cikinsu. Abin da ya gano ya fi bayanan kansu tasiri: lissafi ba ya gyara gwajin da aka shimfiɗa a karkace. A cikin shekarun 1920 ya kafa ƙa'idoji uku da har yanzu ake bi daga Meziko zuwa Maraɗi, wato maimaici, ƙuri'a da rukuni.

Samaru, inda aka fara binciken noma a 1922 kafin cibiyar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta gaji wannan tsari. A 1950 aka kafa wani dogon gwaji a can da ya haɗa kashin shanu da sinadaran taki uku, naitirojin, fosfaras da fotashiyam, kowanne a mataki uku. Uku sau uku sau uku sau uku ya ba da filaye 81. Amfanin irin wannan haɗi shi ne yana nuna yadda wani abu ke sauya aikin wani, misali ko takin zamani yana ƙara tasiri idan ya tarar da takin gargajiya a ƙasa. Daga dogayen gwaje-gwaje irin wannan aka tabbatar cewa yawan zuba takin naitirojin shi kaɗai shekara da shekaru yana sa ƙasar sabana tsami, abin da gwajin damina biyu ba zai taɓa nunawa ba.

Maimaici, ƙuri'a da rukuni

Duk manomi ya san gonarsa ba ɗaya ba ce. Gindin gawo ya fi tsakiyar fili yabanya. Inda tsohon suri ya rushe, inda aka taɓa yin mashekari ko juji, inda ruwa ke kwanciya, inda fako ya fito, inda ƙuduji ya yi gida, kowanne da halinsa. A tashar cibiyar binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, ICRISAT, da ke Sadore, kudu da Yamai, bincike ya nuna cewa a ƙasar jigawa gero yana iya bambanta matuƙa tsakanin gindi da gindin da ba su fi 'yan taku tsakani ba, ba tare da an yi musu wani abu daban ba. Wannan bambanci na ƙasa shi ne babban abokin gabar mai gwaji, kuma ƙa'idojin uku duk don shi aka yi su.

Maimaici shi ne kowane abin gwaji ya bayyana a fili fiye da ɗaya, galibi uku ko huɗu a wuri guda. Idan an shuka sabon iri a fili ɗaya, tsoho a fili ɗaya, sabon ya fi da buhu biyu, babu hanyar sanin ko irin ne ko ƙasar. Idan kuwa kowanne yana da fili huɗu, bambancin da ke tsakanin filayen iri ɗaya zai nuna girman rikicin da ƙasa ke kawowa ita kaɗai, sai a auna bambancin irin biyu da shi. Akwai lissafin da ya kamata mai ba da kuɗin bincike ya sani a nan: maimaici huɗu yana rage kuskuren matsakaici zuwa rabi, amma kafin a sake raba shi biyu sai an kai 16. Shi ya sa bayan maimaici uku ko huɗu, ya fi riba a kai ragowar kuɗin wani gari a sake gwajin maimakon a ƙara filaye a wuri ɗaya. Kuskuren da ake yawan samu, har a kundin ɗalibai, shi ne a auna zangarniya 50 a fili guda a ce an maimaita sau 50. Dukansu ƙasa ɗaya suka ci, ruwa ɗaya suka sha. Maimaici ɗaya ne.

Ƙuri'a ita ke yanke wane iri zai sauka a wane fili. Ba don ana zargin mai binciken da son kai ba, sai don hannun mutum yana da karkata ko bai sani ba. Wanda ya shekara takwas yana renon iri zai iya ajiye shi kusa da hanya inda ido ke kaiwa kullum, ko nesa da kwari. Ko jera su a tsari, na ɗaya, na biyu, na uku, a kowane layi, yana da illa, domin idan ƙasar tana ƙara ƙarfi daga gabas zuwa yamma, na ƙarshe zai ci riba kowane lokaci. Ba kowa ya yarda da Fisher a kan wannan ba. William Gosset, wanda ya daɗe yana aiki a kan gwajin sha'ir a ƙasar Ailan, ya tsaya a kan cewa jeri mai daidaito da gwani ya tsara yakan fi ƙuri'a dacewa da gaskiya. Yana da hujja, domin ƙuri'a tana iya tara iri ɗaya a kusurwa mara kyau. Abin da ya sa ra'ayin Fisher ya rinjaya shi ne da ƙuri'a kaɗai ake iya lissafa girman kuskure cikin aminci, kuma mai karanta sakamakon ba ya buƙatar dogara da kyakkyawar niyyar wanda ya yi shimfiɗar.

Rukuni shi ne maganin abin da Gosset ya ji tsoro. Idan gona tana gangara daga tudu zuwa fadama, sai a yanka ta a kwance: rukunin sama, na tsakiya, na ƙasa. Kowane rukuni ya ƙunshi dukan irin da ake gwadawa sau ɗaya, a jefa ƙuri'a a cikinsa daban. Ta haka kowane iri ya ɗanɗani tudu ya ɗanɗani kwari, kuma kwatancen yana gudana tsakanin maƙwabta. Rukunin da aka yanka a tsaye, ya bi gangaren daga sama har ƙasa, bai yi aikin komai ba. Saboda haka wanda ya fi cancanta a tambaya kafin a ja igiya shi ne mai gonar ko leburan da ya shekara yana nome ta, don su suka san inda aka taɓa ƙona kara da inda ruwa ke bi.

Akwai ƙarin tsare-tsare ga yanayi na musamman. Idan irin sun kai 60 ko 100, rukuni ɗaya zai yi faɗin da ƙasarsa ba za ta zama ɗaya ba, sai a yi amfani da ƙananan rukunai irin waɗanda Frank Yates ya ƙirƙiro a shekarun 1930. A gwajin noman rani irin na Kadawa, inda ba zai yiwu a ba kowane ɗan fili ruwansa daban ba, akan raba ruwa ga manyan filaye sannan a yanka kowanne a gwada iri ko taki a ciki. Farashin wannan sauƙi shi ne ana sanin tasirin iri da kyau fiye da tasirin ruwa.

Da me aka kwatanta?

Jimla irin "ya fi da kashi 40 cikin 100" ba ta da ma'ana sai an faɗi abin da ya fi. Idan filin ma'auni tsohon iri ne da manoma suka daɗe da bari, ko irin gida da aka shuka ba taki alhali sabon ya samu buhu takwas, to nasarar ta tabbata tun kafin shuka. Gwaji mai inganci yakan sa ma'auni biyu: irin da manoman yankin ke shukawa a zahiri, da kuma mafi kyawun ingantaccen irin da ke kasuwa, duka da kulawa ɗaya.

A gwajin masarar da aka sa wa ƙwayar halittar kariya daga tsutsa, ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne 'yar'uwarta ta jini ɗaya wadda ba a sa mata ƙwayar ba. Da shi ake raba abu biyu da sukan cakuɗe a bakin mutane: ƙarin da ya zo don irin haɗin aure ne mai yawan amfani, da ƙarin da ya zo don tsutsa ba ta ci shi ba. Sannan dole cutar ta halarta. Irin da ke jure wa tsutsar da ta shigo Najeriya a 2016 ba zai nuna fifiko ba a shekarar da tsutsar ba ta zo ba. Dalilin ke nan da masu bincike na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ke zuba ƙwayar ƙuduji da gangan a filayen gwajinsu na Mokwa da Abuja, suke kuma gwada jure fari a lokacin rani a Ikenne, inda za su iya ɗauke ruwa a daidai lokacin da masara ke fitar da fure da gemu. Sakamakon irin wannan gwaji gaskiya ne, amma gaskiyar shekarar annoba ce. Manomin da ke inda ƙuduji bai yi yawa ba ba zai ga ratar da aka gani a Mokwa ba.

Daga kilo 6 zuwa tan 8

Babu mai gwajin da ke shuka hekta guda ga kowane iri. Fili na yau da kullum a gwajin masara yakan zama kunya huɗu masu tsawon mita 5, da santimita 75 tsakaninsu. Ba a lissafa kunyoyin gefe, domin su ne ke satar taki da hasken maƙwabci, ko maƙwabci ya sace nasu. Doguwar dawa irin farafara kusa da gajera takan rufe ta da inuwa har gajerar ta zama kamar ba ta da kirki. Kunya biyun tsakiya ake girbewa, murabba'in mita 7.5 ke nan. Hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce, don haka duk abin da sikeli ya nuna sai a ninka shi sau 1,333. A misali, kilo 6 ya zama tan 8. Rabin kilo da tsuntsu ya ci, ko yaro ya ɓalle ya gasa, ko sikeli ya karkace, ya zama kusan buhu bakwai a takarda.

Laima ma tana da nata. Kilo 100 na masarar da aka auna tana da laima kashi 25 cikin 100 zai koma kilo 88 idan ta bushe zuwa kashi 15. Irin da ke daɗewa bai nuna ba zai fi nauyi ranar girbi don ruwan da ke jikinsa, sai an daidaita lissafin kowa a kan laima ɗaya.

Ga kuma kulawa. A gonar cibiya ana shuka a santimita 75 da 25, gindi fiye da 53,000 a hekta, ana cike gurbin da bai fito ba, ana noma a kan lokaci, ana zuba abin da aka ba da shawara ga masara a yankin, wato kilo 120 na naitirojin da 60 na fosfaras da 60 na fotashiyam. A kasuwa wannan yana nufin buhu 8 na NPK 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya a hekta ɗaya. Lambar da ake kira "abin da irin zai iya bayarwa" daga irin wannan yanayi take fitowa, sau da yawa daga wuri mafi kyau a shekara mafi kyau. Rufin ɗaki ce, ba abin da ake sa ran samu ba. Masana tattalin arziki na cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, CIMMYT, sun daɗe suna ba da shawarar a rage sakamakon gwaji da kashi 5 zuwa 30 cikin 100 kafin a yi lissafin riba da shi, ko da a gonar manomi aka yi gwajin, saboda ƙaramin fili yana samun kulawar da babbar gona ba ta samu.

Kalmar da rahotanni ke yawan amfani da ita, cewa bambancin "tabbatacce ne a lissafi", tana nufin abu ƙayyadadde: da a ce irin biyu daidai suke, sa'a kaɗai ba za ta kawo rata mai wannan girma ba sai kamar sau ɗaya cikin 20. Ba ta nufin ratar ta isa ta biya kuɗin iri. Haka nan idan aka ce ba a samu tabbataccen bambanci ba, ba a ce irin biyu ɗaya suke ba; wataƙila gwajin ne ya yi ƙanƙanta ko ƙasar ta cika rikici. Kuma idan aka gwada iri 20, wanda ya zo na ɗaya yana ɗauke da ɗan rabon sa'a a cikin lambarsa, shi ya sa yakan sauko idan aka sake gwada shi baɗi.

Wuri ɗaya da damina ɗaya ba su isa ba

Samaru tana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara. Maraɗi wajen rabin haka. Irin da ya yi zarra a Saminaka yana iya kasa nuna a Daura kafin ruwa ya ɗauke. Shekara ma haka: damina mai tsayi tana fifita iri mai nauyi, gajera tana fifita mai sauri. Shi ya sa tsarin da dokar soja mai lamba 33 ta 1987 ta kafa, wanda sakatariyarsa ke cibiyar adana irin shuke-shuke ta ƙasa, NACGRAB, a Ibadan, yake neman bayanai daga gonar cibiya, daga wurare daban-daban cikin fiye da damina ɗaya, sannan daga gonakin manoma, kafin a yi wa iri rajista. Kundin rajistar yakan faɗi yankin da irin ya dace da shi. Wannan bayani ne yakan ɓace tsakanin Ibadan da shagon dillali, tan ɗin kaɗai ke isa kunnen mai saye.

Gonar cibiya ko gonar manomi?

A nan masana suka fi rabuwa. Masu goyon bayan gonar cibiya suna cewa idan ba a daidaita komai ba, ba za a san abin da ya haifar da me ba. A gonar manomi wani ya makara da shuka, wani ya karkatar da takin gwaji zuwa gonar shinkafarsa, awaki sun shiga ta wani, wani ya girbe kafin mai awo ya iso. Hujja ce mai ƙarfi, musamman a matakin farko da ake tace iri ɗaruruwa.

Ɗaya ɓangaren yana da tarihi a hannunsa, kuma daga ƙasar Zazzau. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, masanin tattalin arzikin noma David Norman da abokan aikinsa a Samaru suka bi manoman wasu ƙauyukan Zariya suna rubuta aikinsu. A lokacin, kusan duk shawarar cibiya a kan shuka amfani guda a fili take, kuma ana ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin ci baya. Binciken ya nuna haɗin yakan fi riba a kan kowace eka, kuma ya fi tsare iyali daga asara. Ya kuma bayyana dalilin da manoma ke jinkirta shukar auduga duk da gwaji ya nuna shuka da wuri ta fi: a watannin Yuni da Yuli hannu ba ya isa, kuma magidanci ba zai bar noman abinci ya tafi na auduga ba. Gwajin cibiyar bai yi ƙarya ba. Ya auna amfani a kan fili, alhali abin da ya yi wa manomi ƙaranci a lokacin shi ne ƙwadago.

Wake ya maimaita darasin. Irin da ya fi ƙwaya amma ya zubar da ganye kafin girbi ya yi nasara a sikeli, ya faɗi a wurin mai tumaki da ke lissafin harawa. Aikin da masanin wake B. B. Singh ya jagoranta a tashar IITA ta Kano ya mayar da hankali ga wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, da tsarin kunya biyu na hatsi da huɗu na wake, don an sa abin da manomi ke daraja cikin abin da ake aunawa.

An samu hanyoyin sulhu. Masaniyar noma Sieglinde Snapp ta yaɗa tsarin "uwa da 'ya'ya" a Malawi a ƙarshen shekarun 1990: cikakken gwaji mai maimaici a tsakiyar ƙauye, sannan manoma da yawa kowanne ya ɗauki abu biyu ko uku ya gwada a gonarsa yadda ya saba noma. A wani tsari na baya-bayan nan kowane manomi yana karɓar iri uku ba tare da an faɗa masa sunansu ba, ya faɗi wanda ya fi da wanda ya gaza, a haɗa amsoshin ɗaruruwan mutane a kwamfuta. A irin waɗannan, kowace gona maimaici ɗaya ce, kuma bambancin da ke tsakanin manoma ya zama ɓangaren amsa. Rauninsu shi ne sukan faɗi wanda ya fi ba tare da sun faɗi da nawa ko don me ba. Bisa abin da aka gani zuwa yanzu, tambayar ba wanne za a zaɓa ba ce, sai dai a wane mataki, kuma matakin gonar manomi shi ne wanda aka fi gaggautawa idan kuɗi ya yi ƙaranci ko ya iso bayan an gama shuka.

Abin da gwajin gona ba ya amsawa

Masu sukar TELA da waken SAMPEA 20-T, wanda shi ma aka sauya wa ƙwayar halitta aka kuma saki a Disamban 2019, cikinsu har da ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF, suna magana a kan lafiyar masu ci, muhalli, da dogaro ga kamfanonin iri. Masu goyon baya suna nuna raguwar feshi da ƙarin amfani, suna kuma cewa hukumar ƙasa mai sa ido kan sauya ƙwayar halitta, NBMA, wadda aka kafa a 2015, ta duba batun lafiya da muhalli kafin ta ba da izini. Sau da yawa ɓangarorin biyu suna amsa tambayoyi daban-daban. Gwajin amfanin gona, komai kyawun tsarinsa, ba ya cewa komai a kan lafiyar mai cin tuwo. Wannan aikin wani bincike ne dabam a ɗakin gwaje-gwaje. Haka nan shakku a kan lafiya ba hujja ba ce cewa alƙaluman girbi ƙarya ne. Abin da kowane ɓangare ke da haƙƙin nema shi ne cikakken bayanin gwajin: wurare, shekaru, ma'auni, da inda irin ya gaza, ba matsakaici kaɗai ba.

Inda abin ke taɓa aljihun talaka

Wanda ya ci bashin taki da iri bisa lissafin buhu 80 ya samu 35 shi ke biyan kuɗin gwajin da aka fassara ba daidai ba, kuma baɗi ba zai saurari malamin gona ba ko da gaskiya ya zo da ita. Irin haɗin aure sai an sake saye kowace shekara, don haka ratar da ke tsakaninsa da irin da ake ajiyewa dole ta wuce kuɗin sayen da tazara mai kyau. Shawarar taki ɗaya ga jiha guda, wadda ta fito daga filaye kaɗan, tana sa wani ya zuba abin da ƙasarsa ba ta buƙata. A Nijar, dabarar sa ɗan taki a gindin gero, giram 6 na NPK ko giram 2 na takin DAP a kowane rami, ta nuna ƙarin amfani a gwaje-gwaje da dama, amma ko za ta biya ya danganta da farashin taki, hannun da zai bi rami 10,000 a hekta, da abin da ƙasar za ta zama bayan shekaru. Gwajin da ya auna dami kaɗai ya bar waɗannan a buɗe.

Mata ma abin ya shafe su kai tsaye. Ko masara tana ba da gari da yawa a inji, ko tuwonta yana kwana, ko wake yana tashi a ƙosai, ko ƙwari suna cinye shi a ajiya, duk abubuwa ne da ake iya aunawa idan an rubuta su cikin tsarin gwaji tun farko. Idan ba a rubuta ba, kasuwa ce za ta yi gwajin daga baya, da kuɗin manomi.

Wanda aka nemi ya ba da gonarsa don gwaji yana da haƙƙin ya sani tun kafin shuka wa zai kawo iri da taki, wa zai yi aikin, na wa ne amfanin, wa zai ɗauki asara idan wani fili ya lalace, kuma ko za a dawo masa da sakamakon. Ana kuma buƙatar kada ya fifita filin baƙo da noma ko taki don kunya ko don faranta wa mai bincike, domin wannan karamci yana ɓata lambar da maƙwabtansa za su dogara da ita.

Manomi ko ƙungiyar manoma suna iya amfani da ƙa'idojin nan ba tare da jiran kowa ba. Maimakon a juye gona duka ga sabon iri, a ware kunya shida ko takwas na sabo kusa da daidai su na tsoho, a wurare uku na gonar: mai ƙarfi, matsakaici da mai rauni. A kowane wuri a jefa ƙuri'a a ga wanda zai zauna dama. A shuka rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. A girbe kunyoyin tsakiya daban-daban, a busar, a auna da tiya ɗaya, a rubuta har da kara da harawa. Idan mutum goma a ƙauye suka yi haka suka haɗa littattafansu, suna da maimaici 30 a irin ƙasarsu da irin takin da suke iya saye. Idan sabon ya fi a yawancin wuraren, sai a sake a damina ta biyu kafin a ba shi rabin gona, musamman idan daminar farko ta zo da ruwa fiye da yadda aka saba.